Mai Turawa Ba Shi Ke Biya Ba: Martani Ga Mai Cewa Data Ta Yi Arha

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a wannan fili, inda yake kare yawan tura hotuna, bidiyoyi da saƙonnin murya da ya zama mana ruwan dare a waya. Sau biyu na karanta, domin malamin ya iya alƙalami, kuma akwai inda na gyaɗa kai. A ganinsa data ta yi arha idan aka tuna yadda muka faro, kowa kuma da kuɗinsa ya sayi tasa, saboda haka babu mai ikon yi masa iyaka. Gaisuwar safiya da ta Juma'a da ake yaɗawa zumunci ce, in ji shi, masu kukan cewa intanet na cin wuta da dukiya kuwa sun aro damuwar Turawan da suka ƙoshi ne suka yafa.

Malam, da girmamawa nake cewa lissafinka na mai turawa ne. Ka tsaya a bakin rijiya ka ƙirga abin da mai jefa guga ya kashe, ba ka leƙa ka ga wanda gugan ya faɗo wa a ka ba.

Mu ɗauki gaisuwar nan da ka fi karewa. Idan mutum ya rubuta "Barka da Juma'a", haruffa 15 ne har da tazarar da ke tsakanin kalmomin, kuma a ma'aunin kwamfuta kowane harafi bayit ɗaya ne. Ko an haɗa da 'yan bayanan da manhaja ke liƙa wa saƙo, nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Amma idan aka mayar da wannan gaisuwa bidiyo, da furanni masu buɗewa da hoton masallaci yana juyawa da sauti a ƙasa, cikin sauƙi sai ta kai MB 5, wato bayit miliyan biyar. Maganar ba ta ƙaru da ko wasali ɗaya ba, nauyinta ya ninka fiye da sau dubu ɗari uku. Littafi mai kalma dubu ɗari, rubutunsa zalla bai cika MB ɗaya ba. Ke nan bidiyon furannin nan ya fi littattafai biyar nauyi.

To sai a jefa shi a zauren WhatsApp mai mutum 200. In kowa ya buɗe, MB 1,000 ta tafi, kusan GB ɗaya cur. Tun 2022 zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024, wanda in ya cika, gaisuwa ɗaya ta haura GB 5. Nawa mai turawa ya biya a ciki? MB 5 in shi ya ɗora. In kuwa turo masa aka yi ya sake turawa, kusan bai biya komai ba, domin fayil ɗin yana can a rumbun kamfanin, nuni kawai ya yi. Ragowar duka daga aljihun mutanen da ba a tambaye su ba ya fita. Ka sa wa GB ɗaya duk farashin da ka ga dama, Malam, ka ninka da yawan masu gaisuwa a zaure, ka ninka da yawan zaurukan da mutum ɗaya ke ciki: na dangin uwa, na dangin uba, na unguwa, na masallaci, na tsofaffin ɗalibai, na wurin aiki, na kwamitin bikin da aka gama tun bara ba a rushe shi ba. A nan hujjar "da kuɗina na saya" ta rushe, domin mafi yawan kuɗin ba nasa ba ne.

Wannan sabon abu ne a tarihin aike a ƙasar Hausa, kuma shi ne abin da makalar ta tsallake. A da, mai magana shi ke biya. Mai wasiƙa shi ke sayen kan sarki ya kai gidan waya. Mai buga tangaraho kalma-kalma ake ƙirga masa, shi ya sa ba ya zuba zance. Mai son a gaida masa 'yan'uwa a filin zaɓi sonka na rediyo shi ke sayen kati. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, mai kira ke biyan kusan naira 50 a minti, har muka ƙware wajen filashin da gama magana kafin minti ya cika. Saƙon tes haruffa 160 ne, mai turawa ke biya, mai karɓa ba ruwansa. Ba ina kewar tsadar wancan zamani ba ne, Allah ya raba mu da ita. Abin da nake nunawa shi ne tsadar tana sa mutum ya tambayi kansa kafin ya aika: wannan maganar ta cancanci a kai ta? Yanzu babu abin da ke tilasta masa tambayar, saboda nauyin ya koma kan mai karɓa. In ba mu riƙa yi wa kanmu ita don kunya da tausayi ba, babu mai yi mana.

Malamin ya ce wanda bai so sai ya kashe saukar da kaya kai tsaye a wayarsa. Na san wurin da ake kashewa, shi ma ya sani. Gwaggona ba ta sani ba. Wayar ma jikanta ne ya saita mata, ya koma makaranta. Hotuna suna sauka mata da kansu, saƙon murya kuwa ko an kashe komai sai ya sauka. Bidiyo sai an taɓa, gaskiya ne, amma ta ina mutum zai san abin da ke cikinsa bai buɗe ba? Da'ira ce kawai a kan hoto mai dishi-dishi. Wataƙila wa'azi ne da ya gani sau huɗu, wataƙila kuma ɗan'uwansa ne a gadon asibiti ake neman taimako. Dole ya biya kafin ya sani.

Wayar gwaggon nan tawa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Irin ƙananan wayoyin nan ne da suka cika kasuwannin Farm Centre da Beirut a Kano, masu ma'ajiyar GB 16 ko 32, wadda manhajojin da aka zo da su suka riga suka cinye kaso mai yawa tun tana cikin kwali. Rannan ta miƙo mini ita ta ce ta lalace, ba ta ɗaukar hoto, tana maƙalewa, in an kira ta sai ta yi ta danna wajen amsawa har kiran ya yanke. Har ta fara maganar sayar da akuya ta sake wata. Na buɗe. Babu abin da ya samu wayar. Cike take maƙil da kofin shayi mai tururi da aka rubuta barka da safiya, da furanni, da bidiyon wa'azi guda ɗaya da ya sauka daga zauruka daban-daban, da fastocin 'yan takarar da zaɓensu ya wuce. Na yi fiye da awa ina gogewa, ina taka-tsantsan kada in haɗa da hotunan jikokinta, waɗanda su kaɗai ne abin da ta damu da shi a ciki, kuma su ne ba ta iya samu in ta nema. Da ban zo ba, da akuya ta tafi. Mata nawa ne ba su da mai zuwa?

Wayar da aka jefar tun kwananta bai ƙare ba ba ta ɓacewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62, abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wanda ya san Agbogbloshie a Akara kafin a rushe wurin a 2021 ya san inda wani ɓangaren ragowar ke ƙarewa: samari, da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin Gana, suna ƙona wayoyin lantarki don su ciro tagulla, suna shaƙar baƙin hayaƙi. Ba zan ce bidiyon gaisuwa ne ya kai su can ba. Amma duk abin da ke sa waya mai lafiya ta zama kamar matacciya cikin shekara biyu yana da hannu a tarin.

Batun arha kuwa, ban san a wace kasuwa malamin yake saye ba. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, alhali su kashi 100 suka nema. Dalilinsu tsadar aiki, kuma ba ɓoyayye ba ne cewa dubban turakun sabis a ƙasar nan da janareta mai shan dizal suke kwana suna tashi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, wanda kuma yawancin mutanenmu ba ma'aikatan albashi ba ne balle su same shi. Ga mai wayfai a ofis da wani a gida, data ta yi arha, har ya manta ana sayen ta. Ga ɗan acaɓa da mai tallan goro da ɗalibar da ke sayen ta kwana ɗaya don ta duba sakamakon jarrabawa, kowane MB da sunansa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa.

Sannan akwai caji. Mun ga Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako cikin duhu. Mun ga layi a rumfunan masu cajin waya, mun ga kuɗin caji ya tashi. A irin wannan hali batir dukiya ne. Saukar da bidiyo inda sabis ke da rauni yana shan batir fiye da kima, don waya na ta kokawa da turke mai nisa. Turken kansa kamar famfon unguwa yake, abin da yake iya bayarwa a lokaci guda yana da iyaka, kuma raba shi ake yi tsakanin duk wanda ke ƙarƙashinsa. Lokacin da mutum ɗari ke sauke furanni, mai POS da ke gefensu yana jiran kuɗin wata mata su shiga ta sayi magani. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, kowa ya ɗanɗana yadda hanyar take da ƙunci. Mutanen karkara kullum a wannan ranar suke.

Inda zan ba malamin gaskiya shi ne batun wutar duniya. Wutar da saƙo ɗaya ke ci ba ta kai a yi zancenta ba, kuma ni ma ba na tare da masu cewa goge tsofaffin wasiƙun imel zai gyara yanayi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa rumbunan adana bayanai sun sha wutar da ta kai kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na ta duniya a 2024, abin da ya ninka duk wutar da babban layin Nijeriya ke samarwa a shekara wajen sau goma. A ƙasar Ayalan kuwa rumbunan sun ci fiye da kashi 20 cikin ɗari na wutar ƙasar a 2023. Mafi yawan wannan ba gaisuwarmu ba ce, harkar manyan kamfanoni ce. Amma don wata damuwa ta Turawa ce ba ya nufin mu ba mu da tamu. Tamu ta fi kusa: akuyar gwaggo ce, da naira ɗari biyun ɗaliba.

Haka kuma na yarda da shi a kan saƙon murya, har na fi shi. Kamfanin WhatsApp ya ce a 2022 ana tura saƙon murya biliyan 7 a kullum, kuma a wurinmu wannan rahama ce. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, manomin da ajami ya iya, makaho, duk sun samu baki. Murya ma ba ta da nauyin bidiyo ko kusa. Tsadarta a lokaci take. Rubutu ana iya wulga masa ido a san inda ya dosa, ana iya nemo shi bayan wata guda da kalma ɗaya. Murya sai an saurara daga fari har ƙarshe. Malamin makaranta mai digiri ya ɗauki minti shida yana sanar da iyayen yara ranar komawa hutu, ranar kuma tana can a minti na biyar, bayan gaisuwa da godiya da tari da "to, me ma zan ce". Mutum 200 suka saurara, awa 20 ta al'umma ta tafi a kan abin da layi ɗaya zai ɗauka. Gaisuwa mai tsawo ado ce a bakin Bahaushe, amma adonta a musaya yake: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya. Idan mutum ɗaya ke tambaya ba ya jiran amsa, sunan kawai ya rage.

Wannan ya kawo ni ga zumunci, wanda shi ne ƙashin bayan makalar. Iyayenmu sun ce a ƙafa yake, kuma abin da suke nufi shi ne yana cin wani abu daga jikin mai yin sa. Hoton da wani baƙo ya haɗa, ya bi ta hannu dubu, aka watsa wa mutum ɗari uku da dannawa ɗaya ba a ambaci sunan kowa ba, me ya ci daga jikin mai turawa? Layi ɗaya da aka rubuta, "Yaya, ya jikin Umma?", ya fi shi nauyi a zuciya nesa ba kusa ba, ga shi kuma bai cika wa kowa waya ba.

Ba ma rashin amfani kaɗai ba ne, yana binne mai amfanin. A zauren danginmu an taɓa sanar da rasuwa da sassafe, aka faɗi lokacin jana'iza. Ranar Juma'a ce. Kafin hantsi saƙon ya nutse ƙarƙashin gaisuwa da sitika da bidiyo, wasu ma masu turawar ba su lura an yi rashi ba, suka ci gaba da zuba furanni a kan sanarwar mutuwa. Wani kawunmu da ke gari ɗaya da mamacin ya buɗe waya ya ga saƙonni sun taru, ya ce sai ya natsu zai duba. Bayan la'asar ya gani. Har yau in aka tuna sai idonsa ya kawo ruwa. Wannan asarar ba ta da ma'auni a MB, kuma yawan "zumunci" ne ya jawo ta.

Hannun da ya saba turawa bai karanta ba shi ne kuma ke tura ƙarya. Ba mu manta Agustan 2014 ba, daren da saƙo ya zagaye Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don kariya daga Ebola. Mutane suka kwanta asibiti, har aka rasa rai. A Indiya jita-jitar satar yara da aka yaɗa ta waya ta sa an kashe bayin Allah a 2018, abin da ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya faɗaɗa dokar ga duniya a 2019, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak. Kamfanin da ke cin riba da yawan hira shi da kansa ya ga abin ya yi yawa ya taka burki. Mu kuma har da maganganun da ake jingina wa addini ba asali, a ƙarshe a ce wanda bai tura wa mutum goma ba ya kuka da kansa. Malamanmu sun koya mana kada a yi ɓarnar ruwan alwala ko a bakin kogi mutum yake. Ban ga dalilin da zai sa wannan tarbiyya ta tsaya a buta ba.

Sai dai zan yi rashin adalci in na ɗora laifin duka a kan talaka mai gaisuwa. Babban kaso na masu gina shafuka da manhajoji ne, waɗanda malamin bai ko ambata ba. A 2010 matsakaicin shafin intanet kusan rabin MB ne. Yau ya haura MB 2, kuma ƙarin ba rubutu ba ne, tallace-tallace ne, da bidiyo mai kunna kansa, da 'yan manhajojin leƙen asiri masu bin sawun mai karatu. Labari mai sakin layi biyar, mai karatu ya biya kuɗin dakon tallan da bai nema ba. Na taɓa zama da wani yaro yana cike fom ɗin wata hukuma a waya: shafin farko sai da ya sauke manyan hotunan shugabannin hukumar suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya kafin akwatin rubuta suna ya bayyana, yana kaiwa tsakiya sabis ya yanke, komai ya goge, datarsa ta ƙare. Washegari ya biya kuɗin mota zuwa shagon intanet a cikin gari. Ofisoshinmu kuma sun ƙware wajen buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a ɗauke ta hoto a karkace, a tura. Abin da zai zo a rubutu mai sauƙi ya zama hoto mai nauyi da ba a iya kwafar lamba ɗaya daga cikinsa.

Kuma ba wai ba a iya yin mai sauƙin ba ne. Da yawanmu da Opera Mini muka fara shiga intanet, wadda ke matse shafi kafin ya iso waya. A 2015 Facebook ya fitar da Facebook Lite, nauyinta bai kai MB ɗaya ba a lokacin. A shekarar ce kuma kamfanin ya ɓullo da wani tsari na ranar Talata, inda ma'aikatansa ke iya rage gudun intanet ɗinsu zuwa na 2G na tsawon awa guda, don su ji a jikinsu abin da masu amfani da kayansu ke ji a ƙasashe irin namu. Awa ɗaya a mako kaɗan ce, amma ko ita ban ji wata ma'aikata tamu ta gwada ba, alhali su ba sai sun kwaikwayi raunin sabis ba, tafiyar rabin awa daga ofishinsu za ta kai su inda yake.

Irin wannan gwajin nake roƙon ɗan'uwana marubuci ya yi kafin ya sake rubutu a kan batun. Ya ajiye babbar wayarsa mako guda, ya ari irin ta gwaggona, ya zuba mata data ta naira ɗari biyar, ya kashe wayfai, ya bar duk zaurukan da yake ciki a buɗe har Juma'a ta zagayo.

Mu dai bayan abin da ya faru da kawu, mun raba zauren danginmu biyu. Ɗaya na hira, kowa ya zuba abin da ya ga dama, wanda ya gaji ya fita ba a jin haushi. Ɗayan na sanarwa ne kawai: haihuwa, aure, rashin lafiya, rasuwa, a rubuce ko a murya da ba ta wuce minti ɗaya ba, kuma a fara da maganar kafin gaisuwa. Wasu sun yi ƙorafi da farko, wani yayanmu ma ya ce an mayar da dangi ofis. Gwaggo tana cikin na biyun kaɗai. Da aka haifi jikanyarta a Zariya cikin azumin da ya wuce, ita ta riga ni ji, ta kira ni tana tambaya ko an sa ranar da za a tafi suna.